Gansakukar da Na Zubar

Litinin, bayan azahar

Yau aka bar ni na gan shi. Ƙofa biyu aka buɗe da makulli kafin in kai inda yake, aka karɓi wayata da abin yankan farce aka jefa a aljihun tebur. Yana zaune bakin taga, da silifas ɗin da ba nasa ba a ƙafarsa. Ɗan farina ke nan, wanda nake bugun ƙirji da shi a majalisa. Na ƙetare ƙasashe na zo na tsaya a kansa, na rasa abin faɗa sai "ya jiki". Bai ɗago ba. Sai da ma'aikaciyar ta ce lokaci ya yi, na miƙe, sannan ya yi magana yana kallon tagar.

"Baba, kifin. Kar su mutu."

Iyakar abin da na samu ke nan.

Uwarsa ta kira daga gida, na ce gajiyar aiki ce, likita ya ba shi hutu. Ita da mutanen unguwa duk sun san gwiwata na zo a duba mini. Gwiwar tana ciwo kam, ba duka ne ƙarya ba.

Talata, da hantsi

Gidan a bene yake can sama, ɗaki biyu da falo. Surukata ta gyara mini ƙaramin ɗakin. Tana fita aikinta na kantin magani da sassafe, ta dawo da yamma ido a kumbure, ta durƙusa ta gaishe ni, ta shige kicin. Ba ta yi mini laifin komai ba. Ni ne ban san me zan ce mata ba.

Kifin suna falo, cikin akwatin gilas da ya kusa tsawon gado. Ruwan gishiri ne irin na teku, wai shi yake haɗa shi da kansa a bokiti. Akwai duwatsu masu ramuka, da wasu abubuwa masu laushi da ke kaɗawa kamar furanni, ta ce murjani ne, kuma masu rai ne. Kifi biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara, ɗaya rawaya mai faɗi kamar ganye, jatan lande ja guda ɗaya, sai wani ɗan ƙarami mai zanen shuɗi da kore wanda ba ya iyo kamar 'yan'uwansa, sai dai ya bi dutse yana caccaka. Na tambaye ta yadda ake kula da su. Ta ce ita dai abinci take zubawa, sauran shi kaɗai ya sani, ba ya barin kowa ya sa hannu.

Magidanci da aikinsa da iyalinsa, ya zauna yana renon kifin da ba a ci. To. Amma abin da ya roƙe ni ke nan, kuma zan yi.

Ƙofar banɗaki a ɓalle take ta wajen sakata. Ban tambaya ba.

Laraba, bayan la'asar

Yau na yi aiki.

Tun zuwana nake ganin wani haske ja-ja yana fitowa ta tsagar kabad ɗin da ke ƙarƙashin akwatin, daga magariba har gari ya waye. Na buɗe. Ashe wani akwatin ne a ciki, ƙarami, ruwan sama yana gangarowa cikinsa ta bututu, inji yana mayar da shi sama. A tsakiyarsa kuwa gansakuka ce cunkus, dunƙule guda ya fi kan mutum, koriya shar, a cukurkuɗe kamar soson ƙarfe. Na ɗaga ta, sai ga ƙananan ƙwari farare suna watsewa ta ko'ina.

Duba-gari na yi har na yi ritaya. Na kifar da randunan mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Daga launin bakin randa nake gane gidan da aka yi wa sakaci. Na tsuguna ina kallon abin nan, na ce ashe ya daɗe da sakin komai, mu muna can muna cewa yana lafiya. Har fitila ya kunna wa ƙazanta ya manta da ita.

Na kwashe ta tas, na ɗaure a leda, na sauka da ita kwandon shara da kaina duk da gwiwar. Na goge wurin da ruwan zafi da buroshi har gilas ɗin yana ƙara. Ban sa sabulu ba, ina da wannan hankalin. Na zare wayar fitilar.

Tunda na zo garin nan, yau ne abinci ya yi mini daɗi.

Juma'a, da yamma

Ina ba su abinci safe da rana da yamma. Surukata ɗan tsinke take zubawa, kamar mai jin haushinsu. Ni ba a barin abin da ke hannuna da yunwa.

Litinin, bayan azahar

An yi masa aski. Ya ɗan dube ni yau. Na ba shi labarin kifin, na ce suna ci kamar gara, ina jiran in kai ga labarin wankin da na yi, don na yi niyyar in faɗa masa a hankali ba tare da faɗa ba. Sai ya riga ni.

"Fitilar ƙasa tana kamawa da magariba?"

Na ce komai lafiya.

"In ciyawar ta cika, a rage ta kaɗan. Ita ce ke riƙe da ruwan."

Ciyawa ya ce, ba gansakuka ba. Kuma yadda ya faɗa, kamar mai tambayar jariri.

Na ce, "An rage."

Litinin, da magariba

Motar shara ta kwashe tun ranar Alhamis. Na sauka na duba duk da haka.

Alhamis, da safe

Gilas ɗin ya fara yin wani yauƙi ruwan ƙasa. In na goge da safe, kafin la'asar ya dawo. Duwatsun sun fara fitar da gashi kore. Wato abin da na kora daga ƙasa ya hauro falo ya zauna, kuma wannan ba ya kwasuwa a dunƙule.

Na mayar da wayar fitilar. Tana haska ruwa fanko.

Asabar, da hantsi

Don hannuna ya sami abin yi, na gyara ƙofar banɗakin. Na daidaita katakon, na ɗaure hinjin, na sayo sabuwar sakata a shagon ƙasa. Ina auna inda zan huda, surukata ta fito daga kicin da cokali a hannunta ta tsaya.

"Baba, don Allah a bar ta haka. Kar a sa sakatar."

Na ce gida da baƙo a ciki, ai bai kamata ba.

"Za mu riƙa ƙwanƙwasawa."

Na dube ta. Na mayar da sakatar cikin ledarta. Ita ce ta ɓalle ƙofar nan ranar da ya kulle kansa a ciki, da wannan jikin nata da bai fi tsinke ba. Ni a lokacin ina gida ina barcin rana.

Lahadi, bayan asuba

Jatan landen ya mutu. Na cire shi kafin ta tashi.

Lahadi, bayan la'asar

Ta gane. Ta tsaya gaban akwatin tana ƙirga su da ido. Murjanin duk sun tsuke, sun zama kamar tsokar da ta kwana. Can ta nuna ɗan ƙaramin mai zane, ta ce wannan ne nasa na gaban goshi, in ya dawo aiki ko takalmi bai cire ba sai ya nemo shi da ido. Sai ta yi wata 'yar dariya, ta farko da na ji a gidan nan, ta rufe baki. Na ce mene ne. Ta ce ba komai. Na ce faɗa mana.

"Kar ka ji haushi, Baba. Duba-gari yake ce masa. Wai ba ramin da ba ya leƙawa, kuma bai taɓa samun wanda ya gamshe shi ba."

Na ce yaron ba shi da kunya. Ta ce ai da so yake faɗa. Na shiga ɗaki na rufe.

Cikin kifin ya fara lotsawa. Abincin da nake zubawa ko kallonsa ba ya yi.

Litinin

Ban je ba. Na ce mata gwiwa.

Talata, bayan azahar

Na ɗebi ruwan a kwalba, na ɗauki hoton akwatin a waya, na hau bas zuwa shagon da sunansa ke jikin bokitin gishirin. Na wuce wurin sauka, na dawo da ƙafa. Baƙo ko da ido makaho ne.

Mai shagon mace ce, ƙaƙƙarfa, hannun rigarta a jiƙe har gwiwar hannu. Ta zuba ruwan a 'yar kwalba, ta ɗiga magani, ta girgiza, muka jira. Ya yi ja wur. Ta ce me ya faru. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ba ta yi dariya ba, wannan kam na shaide ta. Ta ja mini kujera.

Ga yadda abin yake, na rubuta don kar in manta. Kashin kifi da ragowar abinci suna narkewa a ruwa su zama taki. Takin nan ba ya fita da kansa, dole wani abu ya ci shi. Shi ya sa ake shuka ciyawar a ƙasa da gangan, a kunna mata fitila da dare lokacin da ta sama ta mutu, ta sha takin ta yi girma. In ta cika sai a yage wani sashe a zubar, dattin ya tafi a jikinta. Ana shuka ta ne don a zubar, amma ba a zubar da ita duka. In ba ta nan, takin ya zama na wanda ya samu, shi ne gashin da ya rufe duwatsun. Ƙwarin nan kuma da na ga suna watsewa, a cikinta suke haihuwa, ruwa ya ɗauko su sama, kuma su kaɗai ɗan kifin nan yake ci. Bai san wani abinci ba.

Wato rumbunsa na ɗaure a leda na kai shara, sannan na bi sauran da abinci sau uku ina ƙara wa ruwan dafi. Garin gyaran gira.

Ta ce abinci sau ɗaya, ɗan kaɗan. Ta nuna mini yadda zan riƙa canza wani sashe na ruwan. Ta ba ni ƙwarin a kwalba, ta ce za su riƙe shi 'yan kwanaki, amma in ba ciyawa ba inda za su hayayyafa. Na ce to a ba ni ciyawar. Ta ce tata ta ƙare, kuma ba kasafai ake sayar da ita ba, masu abin ne ke ba juna, wanda tasa ta cika ya yaga ya miƙa wa wanda ba shi da ita. Ta karɓi wayar ta dubi hoton da kyau.

"Ai na san akwatin nan. Na dogon nan ne mai tabarau, da ke zuwa duk Asabar. Ina ya shige ne? Rabin masu ciyawa a garin nan daga hannunsa suka samu."

Na ce ya yi tafiya, ni ɗan'uwansu ne da ke tsare gidan.

Ɗan'uwansu. Haka na ce.

Ta kwatanta mini gidan wani likitan haƙori, abokinsa, ta ce tasa ta cika har tana neman fita.

Laraba, da yamma

Na je har ƙofar likitan. Na ga ƙararrawar. Abokinsa ne, zai tambaya. Na dawo.

Alhamis, da safe

Na canza ruwa. Na zuba ƙwarin. Ɗan kifin ya ɗan caccaka.

Wayar da ɗana ya yi mini kafin abin ya faru tana dawo mini. Ya ce ba ya iya tashi daga gado, ba ya iya zuwa aiki, bai san me ke damunsa ba. Na ce masa abin da uba ke cewa. Na ce ya tashi ya wanke fuska, lalaci ba ciwo ba ne. Mutumin da ba ya iya tashi, amma fitilar nan ba ta taɓa fashin kamawa ba, ciyawar kuma koriya shar na same ta.

Asabar

Cikin ɗan kifin ya manne da bayansa. Yana zama wuri ɗaya a gindin dutse.

Lahadi, bayan la'asar

Na danna ƙararrawar.

Gajere ne mai sanƙo, ya fito da tawul a kafaɗa. Na ce mai shagon kifi ce ta turo ni, ciyawa nake nema. Ya ce ta wane akwati. Na nuna masa hoton. Fuskarsa ta canza. Ya ce sun yi ta kiran wayarsa a kashe, sun je gidan ba a buɗe ba, an ce ya bar zuwa aiki. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce goshin nan iri ɗaya ne.

"Baba, kai ne mahaifinsa, ko? Ka gaya mini gaskiya. Yana raye?"

Na shirya maganar tafiya tun a bas. Amma mutum ya tambaye ka ko ɗanka yana raye, ba ka ce masa ya yi tafiya.

Na ce yana raye. Na ce ɗana ne, ɗan farina, ba shi da lafiya, yana asibiti. Na faɗi sashen da yake, na masu ciwon ƙwaƙwalwa, da sunansa, a bakin ƙofar mutane, ga maƙwabciya tana wucewa da kayan cefane. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta tsage ba.

Ya ce alhamdulillahi, ya shigar da ni. Bai yi mini wa'azi ba. Ya tsuguna gaban nasa kabad ɗin, ya naɗe hannun riga, ya yago dunƙule kamar ƙwallo, yana juya shi a hankali kar ƙwarin su zube. Ya ce wannan asalinta ta ɗana ce. Lokacin da nasa akwatin ya lalace har ya yi niyyar sayar da komai, ɗana ne ya hau bas da ita a leda ya kawo masa, ya zauna har ya ga fitilar ta kama. Daga nan ya shiga labarin murjani, mutumin akwai surutu, kuma ina magana yana leƙen haƙorana. Da zan fita ya tambayi ranar ziyara.

Baren mutum ya san ɗana mai kyauta ne. Ni na san shi da jarrabawa da albashi.

Na saka ciyawar a wurinta kafin magariba. Fitilar ta kama.

Litinin

Ban je ba. Ba gwiwa ba ce, kuma na gaya mata haka.

Laraba, da hantsi

Na kira uwarsa na faɗa mata inda yake. Sai ta ce ta sani tun ranar da na tafi.

"Malam, mai ciwon gwiwa ba ya manta sandarsa a bayan ƙofa. Ina jira ne ka gama jin kunyarka."

Ta ce in nema mata hanyar zuwa. Na ce to.

Asabar, da safe

Ruwan gwajin bai kai jan da ba. Wani murjani ya ɗan buɗe. Duba-gari yana nan da rai, a rame, amma ya koma bin ramuka.

Alhamis, bayan la'asar

Dunƙulen ya kusa ninkawa. Surukata ta riƙe mini tocila na yagi kaɗan daga gefe. Ta ce ina lallaɓa ta kamar mai yi wa jariri aski. Na tsaya da ita a hannu gaban kwandon shara, na kasa. Na ajiye a kofi da ruwan akwatin.

Litinin, da magariba

Na tafi da ciyawar a leda. A ƙofa ma'aikaciyar ta ce leda ba ta shiga ciki. Na gane dalili. Ta ba ni kofin takarda.

Na ajiye a gabansa. Ya sa yatsu ya ɗago ta, ya kai hanci, ya shaƙa. Ya daɗe yana warware ta. Can ya zaro wani siririn zare ja daga cikin koren, ya ɗaga shi sama.

"Wannan ba daga akwatina ta fito ba. Likita ne ke da jar nan."

Na ce haka ne. Na ce tasa na zubar da ita tun satin farko, na ɗauka ƙazanta ce, jatan lande ya mutu, kuma ƙarya na yi masa ranar da ya tambaya. Ya tambayi ɗan ƙaramin. Na ce yana nan, ya rame, yana ci.

"Ka je gidan likita?"

"Na je."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ɗana ba shi da lafiya. Na faɗa masa inda kake."

"Da bakinka?"

"Da bakina."

Ya dube ni sosai, karo na farko tunda na zo. Na jira faɗa, da ya yi ma da na sami sauƙi. Ya mayar da zaren cikin kofin, ya jawo shi kusa da shi, ya rufe bakinsa da tafin hannu.

"Sau nawa kake ba su abinci?"

Na ce yanzu sau ɗaya.

"Da fa?"

Na ce uku.

Ya girgiza kai, gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Baba, ja kujerar kusa. Bari in faɗa maka tun daga farko."

Na ja. Ya yi ta bayani har ma'aikaciyar ta zo ta tsaya a kanmu, ban katse shi ko sau ɗaya ba. Kofin ya ce a bar masa a taga.